Komawa ƙauye don raya gonar da ta mutu: abin da ya kamata ka sani kafin ka kwashe kaya

Akwai ƙauyukan da idan ka shiga da rani ba za ka tarar da kowa ba sai tsofaffi da mata da yara. Matasa sun tafi ci-rani, wasu ma ba su sake dawowa ba, gonaki sun zama fako, rijiya ta yi ƙasa. A irin wannan wuri ne wasu mazauna birni ke tunanin komawa su kama noma, ko don tsadar rayuwa, ko don gonar gado da ke kwance ba mai taɓa ta. Abin mai yiwuwa ne, amma ba da irin noman da ya gajiyar da ƙasar tun farko ba.

Tsarin da ya dace da irin wannan ƙasa shi ne wanda Turawa ke kira famakalca, wato dawwamammen noma. Wasu mutanen Ostareliya biyu, Bill Mollison da David Holmgren, su suka raɗa masa suna, littafinsu ya fito a 1978. Manufarsa ita ce ka tsara gona yadda ruwa, itatuwa, dabbobi da amfanin gona za su riƙa ciyar da juna: harawa ta je wa akuya, kashin akuya ya koma gona, ganyen itace ya rufe ƙasa. Abin da ke buƙatar kulawa kullum, kamar lambu da kaji, ka sa shi kusa da gida, itatuwa da hatsi kuwa can nesa. Ni a ganina sunan ne kawai baƙo. Yawancin aikin kakanninmu sun san shi.

Wanda ya riga ka

Yacouba Sawadogo ɗan kasuwa ne a Ouahigouya, arewacin Burkina Faso. Wajen 1980, lokacin da fari ke korar mutane daga ƙauyuka, shi sai ya bar kasuwa ya koma ƙauyensu Gourga. Ya ɗauki tsohuwar dabarar haƙa ramukan shuka da suke kira zai, ya ƙara musu faɗi da zurfi, ya zuba taki a ciki tun da rani. Mutane suka ce ya haukace. Takin ya jawo gara, gara ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga. Ya shuka gero da dawa, ya kuma bar irin itatuwan da suka tsiro a ramukan. Ƙasar da ta kasance fako ta koma daji mai kusan hekta 40, da itatuwa sama da iri 60. An ba shi kyautar Right Livelihood a 2018, ya rasu a 2023.

Sai dai ka lura da wannan: bayan dajin ya tashi, garin Ouahigouya ya faɗaɗo, aka fara yanka filaye a cikinsa, domin ba shi da takardar mallaka a lokacin. Shi ya sa maganar fili ce farko.

Fili da jama'a

Fako ba shi da mai shi sai ranar da ya yi kore. Kafin ka sa gatari ko fartanya, ka san matsayin gonar: gado ce, aro, jingina ko saye? In gado ce, a zauna da 'yan'uwa a raba ko a rubuta yarjejeniya. In aro ce, ka tambaya ƙarara ko an yarda ka dasa itace, don a wurare da yawa dasa itace kamar da'awar mallaka ne. A Nijeriya, dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallakar filin karkara. A Nijar akwai kwamitocin filaye ƙarƙashin dokar karkara ta 1993. Ka bi ta hannun mai unguwa da dagaci, a zagaya iyaka da shaidu, a nuna maka burtali da mashayar dabbobi don kada ka toshe su. Batun tsaro kuma ka bincika da kanka, musamman a yankunan da 'yan bindiga suka taɓa tayar da mutane. Ƙauyen da aka bari don fari daban yake da wanda aka bari don tsoro.

Kada ka je da ɗagawar ɗan birni. Tsohon da ka tarar ya san inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya, abin da kai sai ka yi damina biyu kafin ka gane. Ka shiga gayya, ka je jana'iza da suna. In ka fara samun iri mai kyau, ka raba. Sawadogo ma kasuwar musayar iri ya riƙa haɗawa, manoma na zuwa daga ƙauyuka suna ganin ramukan da idonsu.

Aikin shekarar farko

Ka fara da tare ruwa, ba da sayen takin zamani ba. Ramukan zai, waɗanda manoman jihar Tawa ke kira tassa, ana haƙa su da rani: faɗi kamar santimita 20 zuwa 30, zurfi 10 zuwa 20, tazara kamar taki ɗaya. Ƙasar da ka fitar ka tara ta a gefen gangare don ta tare ruwa. Ka zuba ruɓaɓɓen taki cikin tafin hannu biyu, ka jira ruwan shuka. Hekta ɗaya na cin ramuka dubu goma ko fiye, aiki ne mai karya baya, don haka ka fara da kwata, ka ƙara baɗi. Inda ƙasa ke da gangare, jera duwatsu a gicciye ko haƙa rabin wata yana rage gudun ruwa da zaizaya.

Sannan itatuwa. Ba sai ka sayi dashe ba. A jihar Maraɗi, tun 1983, Tony Rinaudo da manoman yankin suka nuna cewa kututturan da ake sarewa duk shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Lokacin sharar gona, maimakon ka ƙone tohon kalgo, sabara ko gawo, ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi, ka sassabe sauran, ka kare su daga awaki. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo dai kada ka taɓa shi: yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Ka haɗa gero da wake, ka bar karan a gona ya rufe ƙasa in za ka iya.

Game da kuɗi, kada ka sayar da komai naka a birni tukuna. Ramukan kan ba da hatsi tun daminar farko in ruwa ya samu, amma itace sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ka fara cin moriyarsa sosai. Ka tanadi abincin iyali na shekara guda, ka riƙe wata sana'a ta rani, kuma in akwai yara 'yan makaranta, ka duba nisan makaranta da asibiti kafin ka ɗauko su.