Jam'iyya Ɗaya ta Dukan Ma'aikata: Labarin 'Yan Sindikalis a Afirka ta Kudu

A cikin shekarar 1886 aka tsinci zinariya a wani dogon tudu na ƙasar Transvaal, inda birnin Johannesburg ya ke yanzu. Kafin shekara talatin ta cika, ramukan haƙar nan sun tara leburori baƙar fata wajen 200,000, da ma'aikata Turawa fiye da 20,000. Baƙin mutum ya kan sami wajen sule biyu a yini, a ajiye shi cikin bariki mai katanga nesa da iyalinsa, ba shi da ikon barin aiki sai wa'adin da ya sa wa hannu ya cika, in kuwa ya gudu a kamo shi a ɗaure. Albashin Bature ya ninka nasa fiye da sau goma. A 1911 aka kafa wata doka wadda ta sa manyan ayyukan rami suka zama na Turawa kaɗai, a 1913 kuma wata ta biyo baya, ta hana baƙar fata sayen ƙasa sai a cikin ɗan yankin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙasar ba. A irin wannan wuri ne wani ra'ayi da aka haifa a Turai ya zo ya gwada ƙarfinsa.

Ra'ayin nan reshe biyu ne daga kututture guda. Masu reshe na farko a kan ce da su Anakis, watau masu ganin cewa mutane na iya tafiyar da zamansu bisa shawara da yarda, ba sai da hukumar da za ta tilasta musu ba. Manyan malamansu su ne Bakunin da Kropotkin, dukansu mutanen Rasha. Bakunin ya daɗe yana jayayya da Karl Marx, har suka rabu a 1872. Shi Marx yana so ma'aikata su kafa jam'iyyar siyasa su kama mulki. Bakunin kuwa yana ganin duk wanda ya hau kujerar mulki, ko da jiya lebura ne, gobe ubangida zai zama. Masu reshe na biyu su ne Sindikalis, daga kalmar Faransanci “sindika”, ma'anarta jam'iyyar ma'aikata. Da aka tambaye su ta inda talaka zai sami hakkinsa in ba ta ƙuri'a ba, sai suka ce ta wurin aikinsa. A ganinsu mutane kashi biyu ne kawai, masu dukiya da masu ƙwadago, kuma sulhu ba ya ɗorewa a tsakaninsu. Saboda haka sai ma'aikata duka su shiga jam'iyya ɗaya, ba ruwanta da sana'ar mutum, ko launinsa, ko yarensa, har ranar da za su ajiye aiki gaba ɗaya, su karɓi ramuka da jiragen ƙasa su riƙa tafiyar da su da kansu. Bisa wannan manufa aka kafa jam'iyyar I.W.W., watau Ma'aikatan Masana'antu na Duniya, a birnin Chicago na Amurka a 1905.

Jiragen ruwa ne suka kawo ra'ayin nan Afirka, tare da baƙi 'yan ƙwadago. A Masar, Italiyawa da Girkawa suka yaɗa shi a Iskandariya da Alƙahira. A Afirka ta Kudu kuwa akasarin waɗanda suka zo da shi mutanen Ingila ne da Sikotilan, da Yahudawan da suka guje wa zaluncin Sarkin Rasha. A 1910 aka kafa wata I.W.W. a Johannesburg, babban jagoranta wani maƙeri ne mutumin Sikotilan, sunansa Andrew Dunbar.

To, amma jam'iyyun da suka tarar a ƙasar wata hanya dabam suka kama. Kowace sana'a tana da tata, maƙera dabam, kafintoci dabam, kuma kusan dukansu ba su karɓar baƙar fata. Abin da Baturen rami ya ke tsoro shi ne kada mai kamfani ya kore shi ya sa baƙin mutum a wurinsa bisa ƙaramin albashi, don haka ya ɗauki dokar launi garkuwarsa ce. Ba kuwa don ba su iya faɗa ba ne. A watan Yuli na 1913 sun yi yajin aikin da ya sa soja suka buɗe wuta cikin Johannesburg, aka kashe mutum wajen ashirin, a 1914 kuma Janar Smuts ya sa shugabanninsu tara cikin jirgin ruwa ya kai su Ingila ba tare da shari'a ba. Sai dai faɗan nasu na kansu ne kaɗai.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, sai waɗansu suka fita daga jam'iyyar siyasar ma'aikata Turawa don ba su yarda da yaƙin ba. A watan Satumba na 1915 suka kafa wata ƙungiya da a ke kira I.S.L. A cikinsu akwai W. H. Andrews, da S. P. Bunting, da David Ivon Jones, Dunbar kuma ya zo ya haɗu da su. Jaridarsu ta riƙa nanata wa Turawa cewa muddin baƙin lebura yana ɗaure da takardar izinin yawo da zaman bariki, shi ma Bature ba shi da 'yanci, gama kullum mai kamfani yana riƙe da sandar da zai buge shi da ita. Magani, in ji su, a soke dokokin nan, a biya kowa daidai da aikinsa, a haɗu cikin Babbar Jam'iyya Ɗaya.

A 1917 suka buɗe makarantar dare don ma'aikata baƙar fata a Johannesburg, Dunbar yana cikin masu koyarwa. Daga makarantar nan ce a watan Satumba na shekarar aka kafa I.W.A., watau Ma'aikatan Masana'antu na Afirka, wadda a ke lissafa ta jam'iyyar ma'aikata baƙar fata ta farko a ƙasar. Cikin jagororinta akwai Reuben Cetiwe, da Hamilton Kraai, da wani malamin makaranta T. W. Thibedi. Kirarinsu da harshen Zulu “Sifuna Zonke”, watau “muna son duka”. Gwamnati ta cusa 'yan leƙen asiri a cikinsu tun daga farko, har ya zama rahotannin 'yan leƙen asirin nan na cikin abin da masu tarihi suka dogara a kai wajen sanin maganganun da a kan yi a taronsu. A Durban ma, a shekarar nan, aka kafa irinta ta ma'aikata Indiyawa, Bernard Sigamoney na cikin shugabanninta.

Ba a daɗe ba aka gwada su. A 1918 masu kwashe bokitan bayan gida na birnin Johannesburg suka ga Turawan gidan wutar lantarki sun yi yaji an ƙara musu albashi, sai su ma suka ajiye aiki suna neman ɗan ƙari. Aka kama mutum 152, alƙali ya yanke musu wata biyu, ya ce su koma kan aikin nan nasu a matsayin fursunoni, da masu gadi a bisa kansu. Hukuncin nan ya fusata jama'a ƙwarai. I.W.A., da I.S.L., da reshen Transvaal na majalisar baƙar fata wadda aka kafa a 1912, wadda daga baya ta zama A.N.C., suka haɗa kai suka nemi a ƙara wa kowane lebura sule ɗaya a yini, in an ƙi a ajiye aiki ran 1 ga Yuli. Da ranar ta matso sai aka janye, don shiri bai kammala ba, ko da ya ke dubban 'yan rami sun riga sun fito. Gwamnati ta kama mutum takwas, uku Turawa, biyar baƙar fata, ta gurfanar da su tare, abin da ba a saba gani ba a ƙasar. Shari'ar ta watse sa'ad da babban mai shaida, wani ɗan leƙen asiri, ya amsa cewa shaidar zur ya bayar.

Bayan wannan Cetiwe da Kraai suka koma Cape Town suka shiga tara leburorin bakin jirgin ruwa. Can suka tarar da wata sabuwar jam'iyya, I.C.U., wadda Clements Kadalie, wani akawu mutumin Nyasaland, ƙasar Malawi ta yau, ya kafa a watan Janairu na 1919. A watan Disamba jam'iyyun biyu suka fitar da mutum wajen 2,000 yajin aiki, daga bisani I.W.A. ta narke cikin I.C.U. Shi Kadalie ba Anakis ba ne, mabiyansa kuma akwai 'yan coci, akwai masu bin Marcus Garvey, akwai 'yan Kwaminis. Duk da haka gabatarwar tsarin dokokin I.C.U. na 1925 daga na I.W.W. aka ɗauko ta, da zancen rabuwar mutane kashi biyu, da begen ranar da ma'aikata za su karɓi kayan sana'a. Wajen 1927 'yan jam'iyyar sun kai 100,000, akasarinsu 'yan ƙwadago ne da masu zaman aro a gonakin Turawa, har ta yi rassa a Rodeshiya ta Kudu da Afirka ta Kudu maso Yamma.

Amma fa begen da aka sa ga Turawa ma'aikata ya riga ya karye. A watan Fabrairu na 1920 'yan rami baƙar fata wajen 70,000 sun yi yaji, jam'iyyar Turawan rami ta umurci mutanenta su ci gaba da aiki, 'yan sanda da soja suka kewaye bariki-bariki suka karya yajin. A 1922 masu kamfani suka yi niyyar rage Turawa su ƙara baƙar fata, sai Turawa suka ɗauki makamai, har aka ga tutar da ke kiran ma'aikatan duniya su haɗa kai don Afirka ta Kudu ta zama ta farar fata. Waɗansu cikinsu suka far wa baƙaƙen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Smuts ya murƙushe su da igwa da jiragen sama, mutum fiye da 150 suka mutu. A 1924 aka kafa dokar sasanta rigimar aiki, aka yarda da jam'iyyun Turawa, aka fitar da duk mai ɗauke da takardar izinin yawo daga lissafin ma'aikata. Ita kuwa I.S.L. tun a 1921 ta shiga cikin sabuwar jam'iyyar Kwaminis, wadda sannu a hankali ta bar koyarwar Sindikalis ta bi ta Mosko.

I.C.U. ma ba ta yi tsawon rai ba. Ta iya tara taro da kai ƙara gaban alƙali, amma ba ta kafa wakilai a wuraren aiki ba, ba ta shiga barikin 'yan rami sosai ba, kuma ba a tsare kuɗinta yadda ya kamata ba. A ƙarshen 1926 ta kori 'yan Kwaminis. A 1928 A. W. G. Champion ya ware da reshen Natal, a 1929 Kadalie kansa ya fita. Da ma an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Manoma Turawa suka shiga korar 'yan jam'iyyar daga gonaki, ba mai tsaya musu.

In aka auna al'amarin, za a ga 'yan Sindikalis sun yi daidai a abu ɗaya babba: dukiyar ƙasar a kan wuyan baƙin lebura ta ke, jam'iyyar da ta bar shi waje kuwa ba ta da ƙarfin gaske, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inda lissafinsu ya kuskure shi ne zaton da suka yi cewa wahalar aiki kaɗai za ta sa Bature ya manta da launi, alhali kuwa shi yana da ƙuri'a da albashi mai kauri waɗanda launin ne ya ba shi. Sun kuma raina ƙarfin hukuma, ga shi kuwa sau da yawa da soja aka karya yaji. Amma tambayarsu ba ta mutu tare da su ba. Bayan yajin aikin Durban na 1973, da aka kafa FOSATU a 1979, da COSATU a 1985, ma'aikata sun sake yin gardamar nan: ko jam'iyyarsu ta tsaya da ƙafarta ƙarƙashin ikon 'ya'yanta, ko ta jingina da jam'iyyar siyasa. COSATU ta zaɓi ƙawance da A.N.C., wadda ta karɓi mulki a zaɓen 1994.