Yadda Wasan Scrabble Ya Raba Kalma da Ma'anarta

A shekarar 1931, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, wani mai zanen gine-gine, Alfred Mosher Butts, ya rasa aikinsa. Maimakon zaman kashe wando, sai ya duƙufa kan ƙirƙirar wasan haruffa. Ya riƙa ɗaukar jaridu, har da New York Times, yana ƙirga sau nawa kowane harafi ke fitowa a Turanci. Daga wannan ƙirge ne aka samu tsarin da ake bi har yau: 'ya'yan wasa guda 100, harafin E guda 12 mai maki ɗaya kacal, Q da Z kuwa ɗaya-ɗaya, kowanne da maki 10. A 1938 ya ƙara allo mai gida 15 a tsaye, 15 a kwance. Kamfanoni suka ƙi saye, sai a 1948 James Brunot ya karɓi wasan, ya raɗa masa suna Scrabble.

Butts ya auna haruffa, amma ya bar babbar tambaya a buɗe: mece ce kalma? Dokar wasan ta ce 'yan wasa su amince da ƙamus ɗaya kafin su fara. A falo tsakanin 'yan gida wannan ya wadatar. Da aka soma gasa, ga kofi ga kuɗi, sai gardama ta tashi, domin kalmar da ƙamus ɗin wane ya sani, na wane bai taɓa jin ta ba.

Amurkawa suka yi maganin abin a 1978. Kamfanin Merriam-Webster ya buga ƙamus na musamman don wasan, wanda aka tattaro daga ƙamusoshi biyar. Ya taƙaita ga kalmomi masu harafi 2 zuwa 8, kuma kowace an ba ta 'yar gajeriyar ma'ana guda ɗaya, ko da tana da ashirin. Tun daga nan ma'ana ta fara komawa kujerar baya. Ingila kuwa ta riƙe ƙamus ɗin Chambers, wanda ke maƙare da kalmomin mutanen Sikotilan da tsofaffin kalmomin marubuta irin su Spenser da Shakespeare, waɗanda ba mai faɗinsu a kasuwa. A 1988 aka fitar da jerin kalmomin wasa daga cikinsa. Harshe ɗaya, alƙalai biyu. Mallakar wasan ma a rabe take: Hasbro ke da shi a Amurka da Kanada, Mattel kuma a sauran duniya.

Da aka kira gasar duniya ta farko a Landan a 1991, dole aka karɓi kalmomin ɓangarorin biyu. Wannan haɗakar ce ta zama jerin Collins a 2007, wanda yanzu ya kai kalmomi kusan 280,000, kuma da shi ake wasa a Najeriya. Amurka har gobe tana da nata jerin daban. Misali ɗaya ya isa a ga girman bambancin. Harafin Q kaya ne mai nauyi in babu U a hannu, amma 'yan wasan Ingila sun daɗe suna sauke shi da 'yar kalmar QI, wadda ta fito daga Sinanci. Takwarorinsu na Amurka sai a 2006 aka halatta musu ita a gasa.

Rikicin da ya fi canja al'amarin ya zo ne a 1994, sa'ad da aka yi ƙorafi kan kalmomin zagi da na cin mutuncin ƙabilu da ke cikin ƙamus ɗin Amurka. Hasbro ya yarda a cire su. 'Yan gasa suka yi tsalle suka dire, suka ce su ba zagin kowa suke yi ba, haruffa suke jerawa. Aka yi sulhu: ƙamus tsaftatacce na gida da makaranta, sannan jeri daban na gasa, wanda aka fara aiki da shi a 1998, kalmomi zalla babu ma'ana ko ɗaya. A 2020 ƙungiyar 'yan wasan Arewacin Amurka ta dawo ta cire irin waɗannan kalmomi sama da 200 daga jerin gasar ma.

Wanda ya fi kowa nuna inda wannan hanya ta kai shi ne Nigel Richards, ɗan ƙasar New Zealand. A 2015 ya lashe gasar duniya ta Scrabble ta Faransanci alhali ba ya jin Faransanci. Haddace jerin ya yi cikin makonni kaɗan. A 2024 ya maimaita haka da Sifaniyanci.

A 2015 ɗin dai, a birnin Perth na Ostireliya, Wellington Jighere na Najeriya ya doke Lewis Mackay na Ingila da ci 4 da nema, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kofin duniya na Turanci, har shugaban Najeriya na lokacin, Buhari, ya kira shi ta waya ya taya shi murna. An san 'yan wasan Najeriya da fifita gajerun kalmomi da toshe wa abokin karawa hanya, maimakon farautar dogaye don burgewa. Af, NAIRA da KOBO duk halattattu ne a kan allo.

Iyaye da malaman da ke saya wa yara Scrabble don su koyi Turanci ba su yi asara ba, domin yana gyara rubutun kalma ƙwarai. Amma jerin gasa ba don koyar da ma'ana aka yi shi ba. Mai son yaronsa ya san abin da kalma take nufi, ya ajiye masa cikakken ƙamus kusa da allon, ya kuma sa doka cewa duk wanda ya ajiye kalma sai ya faɗi ma'anarta kafin a rubuta masa maki.