Yadda ake ciro bayanan tsarin ƙwayar gado daga rumbun Ensembl

Kundin gadon ɗan Adam, wanda aka sanar da kammala karanta shi a watan Afrilun 2003, ya ƙunshi haruffan DNA kimanin biliyan uku, daga haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Jerin haruffan kaɗai ba ya faɗa wa mai bincike komai. Sai an yi masa sharhi, an nuna inda kowace ƙwayar gado ta fara da inda ta ƙare, da sassanta da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin, waɗanda ake kira ekson, da sassan da ake yankewa a zubar, wato intiron.

Ana adana wannan sharhi a manyan rumbunan bayanai. Fitattu su ne na cibiyar NCBI ta Amurka, da Ensembl da aka soma a 1999 a Hinxton ta Ingila. Shiga kyauta ne. Ɗalibin Jami'ar Modibbo Adama da ke zaune a Bekaji cikin Jimeta, in yana da kwamfuta da intanet, zai samu abin da takwaransa na Landan yake samu.

Misali mafi kusa da 'yan Najeriya shi ne HBB, ƙwayar gadon da sauyin harafi ɗaya a cikinta ke haddasa cutar sikila. Tana kan kuromosom na 11, da ekson uku da intiron biyu, tsawonta kuwa haruffa kusan 1,600. Lambarta a Ensembl ita ce ENSG00000244734. Da wannan lamba mai bincike zai shiga BioMart, ya zaɓi bayanan ɗan Adam, ya nemi mafari da maƙurar kowane ekson, a ba shi jadawali. Mai neman ɗaruruwan ƙwayoyin gado a lokaci guda yakan yi amfani da manhajar biomaRt a cikin harshen kwamfuta na R, ko ya sauke fayil ɗin GTF ko GFF3 gaba ɗaya, inda kowane layi ke bayyana sashe guda a gurabu tara.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen bugun kundin. Akwai GRCh37 na 2009, akwai GRCh38 na 2013, kuma lambobin wurare sun sauya a tsakaninsu. Sauyin da ke kawo sikila, mai lamba rs334, yana wuri na 5,248,232 a tsohon bugu, amma a sabon yana na 5,227,002. Tazarar haruffa 21,230 ke nan, ta ninka tsawon HBB ɗin kanta fiye da sau goma. Wanda ya ɗauki lamba daga wancan bugu ya nema a wannan, zai faɗa wani wuri dabam, kuma manhajar ba za ta yi masa gargaɗi ba. Saboda ɗimbin ayyukan da aka gina a kan tsohon bugun, Ensembl ya keɓe masa shafi na musamman.

Akwai kuma batun alkibla. DNA igiya biyu ce, HBB kuwa ana karanta ta ne daga igiyar da ke komawa baya. Shi ya sa littattafan likitanci ke cewa GAG ya koma GTG, wato A ya zama T, alhali rumbun da ke ƙirga daga igiyar gaba yana nuna T ne ya zama A. Haka kuma ekson na farko, inda sauyin yake, shi ne mai lambar wuri mafi girma.