Allurar ƙeya don ciwon ɓarin kai mai zuwa da alamun gargaɗi

Idan kana fama da ciwon ɓarin kai, mai yiwuwa ka lura wani lokaci yakan aiko da saƙo kafin ya iso. Ka fara ganin walƙiya ko layuka masu karkace a gefen ganinka, wani sashe na abin da kake kallo ya ɓace, ko mindirya ta kama yatsunka ta hau zuwa leɓe, ko magana ta riƙa harɗe maka. Likitoci na kiran wannan ora. Takan ɗauki minti 5 zuwa 60, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku masu wannan ciwo na samunta. Ba daga ido matsalar take ba. Wani sauyi ne a aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke bazuwa sannu a hankali, kamar milimita 3 a minti, galibi daga sashen gani da ke bayan kai.

A ƙeyarka akwai manyan jijiyoyin ji guda biyu, dama da hagu, da suka taso daga saman wuya. Saƙonsu yana haɗuwa wuri guda da na jijiyar da ke ɗauko zafi daga fuska da goshi. Shi ya sa idan aka kwantar da ta ƙeya, zafin gaban kai ma yakan lafa.

Yadda ake yin ta

Za ka zauna ka sunkuyar da kai. Likita zai laluba wurin, tsakanin ƙashin da ya ɗan fito a tsakiyar ƙeya da wanda ke bayan kunne, ya goge, ya sa siririyar allura ƙarƙashin fata. Maganin irin wanda ake kashe dasashi da shi ne kafin cire haƙori, lidoken ko bufibaken, mililita 2 zuwa 3. Wani lokaci a haɗa da sitiroyid. Cikin 'yan mintuna an gama, ƙeyar ta mutu na wasu awanni, ka koma gida.

Mutuwar fatar takan wuce a ranar, amma sauƙin na iya kai kwanaki ko makonni. Wasu kuma ba sa jin canji ko kaɗan.

A nan ya kamata ka fahimci abu guda. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce allurar na rage zafin kai da yawan tashinsa. Game da ita ora kanta, rahotanni ne na tsirarun marasa lafiya da tasu ta daɗe, ta kuma lafa bayan allura. Don haka ba ita ce matakin farko ba. An fi yi wa wanda ƙwayoyin rigakafi ba su karɓe shi ba, ko mai juna biyu da aka hana ta yawancin magunguna, ko wanda ake so ya rabu da yawan shan maganin kashe zafi, domin shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana jawo ciwon kai.

Illolinta yawanci ƙanana ne: ciwo a wurin, jiri, wani lokaci suma. Yawan maimaita sitiroyid na iya zubar da gashin wurin ko ya lotsa fatar. Ka sanar da likita idan an taɓa yi maka tiyata a ƙoƙon kai, ko kana shan maganin tsinka jini, ko jikinka ya taɓa ƙin irin wannan allura. Akwai jijiyar jini dab da wurin, saboda haka ba aikin kemis ba ne.

Idan ke mace ce mai samun ora, ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin isturojin na ƙara miki haɗarin shanyewar ɓarin jiki, musamman in kina shan taba. Ki nemi a canza miki wata hanya.

Kada ka jira ranar allura idan alamun sun zo maka karon farko, ko sun wuce awa guda, ko hannu ko ƙafa ya saki, ko baki ya karkace. Ka tafi sashen gaggawa nan take.