Garkuwar Silikon ta Taiwan: Tarihin Li Kwoh-ting, Sun Yun-suan da Morris Chang

Garkuwar silikon laƙabi ne da ake yi wa masana'antar ƙwayoyin silikon ta tsibirin Taiwan, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwaƙwalwar nan da ke sarrafa wayar salula da kwamfuta da mota da makami mai linzami. Laƙabin ya samo asali ne daga ra'ayin cewa muddin duniya ba ta iya rabuwa da abin da tsibirin ke ƙerawa, manyan ƙasashe ba za su zuba ido a ci shi da yaƙi ba. Mutane da yawa sun sa hannu a wannan gini, amma uku ne ƙashin bayansa: Li Kwoh-ting (1910 zuwa 2001), Sun Yun-suan (1913 zuwa 2006) da Morris Chang, wanda aka haifa a 1931. Dukkansu a babban yankin ƙasar Sin aka haife su, dukkansu kimiyya ko injiniyanci suka karanta, kuma kowannensu yaƙi ne ya juya akalar rayuwarsa tun yana matashi.

Halin da tsibirin yake ciki

Taiwan ba ta kai faɗin jihar Kaduna ba, yawancinta tsaunuka ne, ba ta da man fetur, kuma mutanenta a yau ba su wuce miliyan 23 da ɗoriya ba. A 1949 gwamnatin Chiang Kai-shek ta sha kashi a hannun 'yan gurguzu ta tsallako tsibirin, wanda ruwan da ya raba shi da Sin bai wuce kilomita 130 ba a inda ya fi ƙunci. Shinkafa da sukari ne abin da ƙasar ke tinƙaho da su, sai tallafin Amurka, shi ma aka yanke shi a 1965. A watan Oktoban 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓe kujerar Sin daga hannun gwamnatin Taipei ta miƙa wa Beijing. A 1972 Shugaba Nixon ya ziyarci Beijing, a 1973 farashin mai ya yi tashin gwauron zabi, ranar 1 ga Janairun 1979 kuma Amurka ta mayar da hulɗar jakadancinta Beijing. Cikin shekara takwas abokai suka watse ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai riƙe wannan jerin a ransa ba zai ɗauka labarin kasuwanci ne kawai ake ba shi, alhali su mutanen nan neman mafakar ƙasarsu suke yi.

Li Kwoh-ting

An haifi Li a birnin Nanjing. Ya karanta kimiyyar fiziya a can, sannan a 1934 ya tafi Jami'ar Kambirij ta Ingila yin bincike. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Sin da Japan a 1937 sai ya ajiye karatun bai kammala digirin dakta ba ya koma gida, ya yi aikin gyaran na'urorin kare sararin samaniya, daga baya ya shiga masana'antar ƙarfe. Ya iso Taiwan a 1948, ya shugabanci kamfanin ƙera jiragen ruwa da ke Keelung, a 1953 kuma aka jawo shi cikin masu tsara tattalin arziki.

Li bai taɓa karanta ilimin tattalin arziki a aji ba, amma shi ya riƙe ma'aikatar tattalin arziki daga 1965 zuwa 1969, sannan ta kuɗi daga 1969 zuwa 1976. Yana cikin waɗanda suka tsara dokar ƙarfafa zuba jari ta 1960, kuma a zamaninsa aka buɗe yankin sarrafa kayan fitarwa na Kaohsiung a Disambar 1966, inda kamfanin waje ke shigo da kayan aiki babu haraji, 'yan ƙasa su harhaɗa, a loda a jirgi a fitar. Dubban 'yan mata daga ƙauyuka ne suka cika waɗannan masana'antu, suna zaune gaban madubin ƙara girma suna liƙa wayoyi sirara a jikin ƙwayar da aka ƙera a wata ƙasa. Aiki ne mai cin ido, ladansa kaɗan.

A 1968 shugabannin kamfanin Texas Instruments suka zo Taipei duba wurin kafa masana'anta, kuma cikin tawagar akwai Morris Chang. Ganawar farko ba ta yi daɗi ba, amma Li ya hango abin da ya fi ɓacin rai muhimmanci: duk masana'antar Amurka da ta kafu a tsibirin ƙarin dalili ce da zai hana Washington juya masa baya. Kamfanin ya kafa reshensa a Taiwan, Li kuma bai manta da Chang ba.

Sun Yun-suan, daga Taipei zuwa Legas da komowa

Sun ɗan lardin Shandong ne, ya kammala injiniyancin lantarki a Harbin a 1934. A tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu aka tura shi Amurka koyon aiki a hukumar madatsun ruwan kwarin Tennessee. A ƙarshen 1945 aka aiko shi Taiwan, ya tarar bama-bamai sun ragargaza tashoshin wuta, injiniyoyin Japan da suka san kan na'urorin kuma suna haɗa kayansu za su koma gida. Ya tara ɗaliban makarantun koyon sana'a ya haɗa su da 'yan ma'aikatan da suka rage, suka bi layi-layi suna gyara, cikin wata biyar suka dawo da kusan kashi 80 cikin 100 na wutar tsibirin. Ya zama babban injiniyan kamfanin wutar Taiwan, daga baya shugabansa.

Sunan da ya yi a nan ne ya kai shi Najeriya. Bisa shawarar Bankin Duniya, ya shugabanci hukumar wutar lantarki ta Najeriya, ECN, daga 1964 zuwa 1967, wato hukumar da aka haɗe da ta madatsun Neja a 1972 aka haifi NEPA. Yana Legas aka yi juyin mulkin Janairun 1966, ya bar ƙasar a shekarar da yaƙin basasa ya fara. Abin lura ne ga mai karatu a Kano ko Kaduna cewa mutumin da ya taɓa riƙe makunnin wutar ƙasarsa shi ne, shekara bakwai bayan haka, ya yanke shawarar da ta haifi masana'antar silikon ta Taiwan.

Da ya koma gida ya zama ministan sufuri da sadarwa, a 1969 ya karɓi ma'aikatar tattalin arziki, ya riƙe ta kusan shekara tara. A 1973 ya haɗe cibiyoyin binciken gwamnati guda uku ya kafa ITRI, cibiyar binciken fasahar masana'antu, bayan ya ga irin wadda Koriya ta Kudu ta kafa. Ya dage a ba ta 'yancin biyan albashin da ya fi na ma'aikacin gwamnati, don ta iya jawo ƙwararrun da suka tafi Amurka. 'Yan majalisa sun yi ta ƙorafi a kai, bai janye ba.

Karin kumallon 1974

Ranar 7 ga Fabrairun 1974 mutum bakwai suka haɗu karin kumallo a wani ƙaramin shagon madarar waken soya a Taipei. Cikinsu akwai Sun, da Pan Wen-yuan, injiniya ɗan asalin Sin da ke jagorantar bincike a kamfanin RCA na Amurka. Pan ya ba da shawara cewa Taiwan ta daina tsayawa a harhaɗa kayan wasu, ta koyi ƙera ƙwayar da kanta, kuma ta sayi fasahar daga waje maimakon ta ɓata shekaru tana laluɓe. Kuɗin da aka ƙiyasta ya kai kimanin dala miliyan 10, wanda a lokacin ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da ba ta da ko mutum ɗaya da ya taɓa gudanar da irin wannan masana'anta. Sun ya amince, ya kuma ɗauki nauyin kare shirin a gaban masu suka.

A 1976 aka sa hannu da RCA, aka tura rukunin farko na matasan injiniyoyi 19 Amurka. An rarraba su ne da gangan: wasu zane, wasu ƙira, wasu gwaji, wasu kula da na'urori, domin in sun dawo su haɗu su zama masana'anta guda cikakkiya. Fasahar da aka sayo ta maikiron 7 ce, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma ko a lokacin ba ita ce ta zamani ba. A 1977 aka buɗe masana'antar gwaji mai aiki da faifan silikon mai faɗin inci 3. A wannan sana'a ana zana ɗaruruwan ƙwayoyi a kan faifai ɗaya, ƙura ɗaya tak in ta sauka ta kashe ƙwayar da ta taɓa, shi ya sa ma'aikata ke rufe jiki ruf da fararen kaya, ba a ganin komai sai ido. Ma'aunin gwaninta shi ne ƙwaya nawa suka fito lafiya cikin ɗari. Cikin 'yan watanni masu koyo suka zarce masana'antar RCA da ta koya musu a wannan ma'auni. Ƙwayoyin agogon hannu na lantarki suka fara sayarwa. A 1980 aka yaye kamfanin UMC daga cibiyar ITRI, ya tsaya da ƙafarsa.

Sun ya zama firaminista a 1978, shi ke kan kujera lokacin da Amurka ta yanke hulɗa. Li, wanda tun 1976 ya koma minista marar ma'aikata mai kula da kimiyya da fasaha, ya kafa kwamitin mashawarta na ƙwararrun waje a 1979, su biyun kuma suka tsaya kan dandalin kimiyya na Hsinchu da aka buɗe a Disambar 1980, daura da ITRI da manyan jami'o'in injiniyanci biyu. A Fabrairun 1984 shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Sun, ta kawo ƙarshen aikinsa a daidai lokacin da ake ganin zai iya gadon shugabancin ƙasa.

Morris Chang

Chang ɗan Ningbo ne, yarintarsa ta ƙare cikin gudun hijira daga gari zuwa gari. Ya isa Amurka a 1949, ya yi shekara ɗaya a Harvard, ya koma MIT ya karanta injiniyancin injina. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar shiga digirin dakta, dalilin da ya sa ya kama aiki a 1955. A 1958 ya shiga Texas Instruments, ya yi shekara 25 a can, kamfanin ya ɗauki nauyin digirinsa na dakta a Stanford, ya kai matsayin mai kula da dukkan harkar silikon ta kamfanin. Shugabancin kamfanin bai zo hannunsa ba. A 1985, yana da shekara 54, Li da abokan aikinsa suka shawo kansa ya zo ya shugabanci ITRI.

Bai daɗe da zama ba Li ya kira shi ya nemi tsarin kafa babban kamfani. Chang ya auna ƙasar ba tare da son rai ba: ba ta iya zanen ƙwaya ba, ba ta da haƙƙin mallakar fasaha, ba ta san kasuwa ba, abu ɗaya ta iya, shi ne ƙira mai tsabta. Sai ya gina kamfanin a kan wannan abu ɗaya. TSMC, da aka kafa a 1987, ba zai zana ƙwayarsa ba, ba zai sayar da kaya da sunansa ba, zai ƙera wa wasu abin da suka zana ne kawai, kuma ba zai taɓa yin gogayya da mai kawo masa aiki ba. A lokacin kowane babban kamfani da kansa yake zanawa yake ƙerawa, don haka Intel da Texas Instruments suka ƙi sa kuɗi. Asusun raya ƙasa na gwamnati ya zuba kimanin kashi 48 cikin 100, Philips na ƙasar Holan ya zuba kimanin kashi 27 tare da ba da izinin amfani da fasaharsa, ragowar kuma gwamnati ta matsa wa attajiran gida suka kawo.

Wannan tsari ya buɗe ƙofa ga duk injiniyan da ke da zane amma ba shi da biliyoyin gina masana'anta. Nvidia da Qualcomm sun girma ta wannan hanya, daga 2014 kuma Apple ya fara karɓar ƙwayar iPhone daga TSMC. Chang ya sauka daga gudanarwa a 2005, ya dawo a 2009 ana tsakiyar durƙushewar tattalin arzikin duniya, ya ƙara zuba jari a lokacin da wasu ke tsuke aljihu, ya yi ritaya a 2018. Da yake shugaban Taiwan ba ya halartar taron shugabannin ƙungiyar tattalin arzikin Asiya da Pasifik, APEC, sau da dama Chang ne aka tura ya wakilci tsibirin.

Abin da aka biya, da muhawarar da ba ta ƙare ba

Ba daidai ba ne a ba da wannan tarihi a ɓoye duhunsa. Li da Sun sun yi aikinsu ne a ƙarƙashin dokar soja da ta ɗore daga 1949 zuwa 1987, zamanin da ake ɗaure masu adawa, ma'aikaci kuma ba shi da bakin yajin aiki. Masana'antar harhaɗa kayan lantarki ta RCA da ke Taoyuan ta gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa da sinadarai, ma'aikata da dama suka kamu da ciwon daji, sai a 2015 kotu ta fara yanke hukuncin a biya su diyya. A farin 2021 an hana gonaki ruwan ban-ruwa yayin da tankoki ke kai wa masana'antu. Duk da haka, abin da ya bambanta mutanen nan a fili yake: sun san aikin da hannunsu, sun daɗe a kan kujera har shuka ta yi 'ya'ya, kuma wanda ya gaji wani bai rushe abin da ya tarar ba.

A yau TSMC ke riƙe da fiye da rabin kasuwar ƙera wa wasu ƙwaya a duniya, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyi mafiya ci gaba a Taiwan ake yin su. Mutanen tsibirin na kiran kamfanin tsauni mai tsarki da ke kare ƙasa. Wasu masana na ganin garkuwar na iya zama abin da zai ƙara jawo kwaɗayi, wasu na tsoron za ta yi rauni in aka kwashe fasahar zuwa waje. A 2020 takunkumin Amurka ya tilasta wa TSMC daina ƙera wa Huawei. A Agustan 2022 Amurka ta zartar da dokar da ta ware kimanin dala biliyan 52 don dawo da ƙirar gida, TSMC ya gina masana'antu a Arizona, ya buɗe wata a Kumamoto ta Japan a Fabrairun 2024, ya aza harsashin wata a Dresden ta Jamus a wannan shekarar. Chang kansa ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ƙira a Amurka za ta fi tsada nesa ba kusa ba. A 2022 majalisar Taiwan ta gyara dokar tsaron ƙasa, ta sa satar sirrin muhimman fasahohi don amfanin wata ƙasa cikin laifukan tsaro, da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara 12.