Kaza Mai Kwanci: Injin Ƙyanƙyasar da Muka Gada

 Yau tarihin kaza za mu taɓa, kada ku yi dariya.

Ina yaro a Fakku, can ƙasar Kebbe, kakata kallo ɗaya take yi wa kaza ta ce, "Wagga ta shiga kwanci." Kazar ta lafe a akurki ta ƙi fita, ka kai hannu ta bushe gashi ta tsattsage ka, tana wani kuka ƙasa-ƙasa. In ka ɗaga ta, za ka ga ta fige gashin ƙirjinta don ɗumin fatarta ya taɓa ƙwai. Sau ɗaya take fita a yini, ta ci, ta sha, ta yi birgima, ta koma da gudu. Kwana 21 sai ƴan tsaki.

Da damina kuma, lokacin da zabi ke zuba ƙwai, kaka takan sa wa irin wannan kazar ƙwan zabi, domin zabuwa ba ta iya riƙon ƴaƴa ba. Shi sai ya kai kwana 26 zuwa 28, kazar kuma ta jure.

To, ina tarihin? Fiye da shekara 2000 da suka wuce, Masarawa sun riga sun iya ƙyanƙyashe ƙwai ba tare da kaza ba. A 1879, Lyman Byce ya ƙera injin ƙyanƙyasa a Petaluma ta Amurka. Da inji ya samu, kwanci ya zama asara a idon ɗan kasuwa, tunda mai kwanci tana daina ƙwai na makonni. Sai aka dinga zaɓen kajin da ba su kwanci, irin su Leghorn ta Italiya, ana hayayyafa su, har ɗabi'ar ta kusa ɓacewa a kajin gona. Ko Shika Brown da NAPRI ta Zariya ta fitar, don yawan ƙwai aka samar da ita.

Shi ya sa nake jin takaici in na ga matashi ya kwashe kajin Hausa na gidansu ya kai kasuwa, wai zai koma na gona zalla. Malam, wa zai ƙyanƙyashe maka? Inji na son wuta ba yankewa har mako uku. A ƙauyenku akwai ta?

Wani abokina ya yi haka bara. Bana da damina aron kaza mai kwanci ya je yi wurin gwaggonsa, da ƙwan zabi 15 a ƙwarya.