Zamanin Garmaho: Waƙoƙin da Dattawan Samaru da Sabon Gari Suka Kasa Mantawa

Ranar 31 ga Yulin 1964 wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi kusa da birnin Nashbil na Amurka, mawaƙi Jim Reeves ya mutu a ciki yana da shekara 40. Bayan shekara 16 cif, ranar 31 ga Yulin 1980, Muhammad Rafi ya rasu a Bombai ta Indiya. Babu Bahaushe a cikinsu, ba kuma da Hausa suke waƙa ba. Amma duk wanda ya saba zama da dattawan Sabon Gari da Samaru, tsofaffin ma'aikatan reluwe da akawuna da malaman makaranta da suka yi ritaya, ya san yadda fuskokinsu ke sakewa idan muryar ɗaya daga cikin mutanen nan biyu ta tashi a rediyo ko a wayar wani jika. Dattijon da ke manta inda ya ajiye tabaransa sai ka ji ya bi waƙar daga farko har ƙarshe, alhali wataƙila ko kalma goma bai sani ba a harshen da aka yi ta.

Jirgin ƙasa ne ya fara share wa wannan kiɗa hanya. Layin dogo ya iso Zariya a 1911, daga baya aka ja wani reshe zuwa ma'adinan kuza na Jos, wani kuma zuwa Gusau da Ƙaurar Namoda, garin ya zama mahaɗa. Turawa suka yanka wa baƙin da aikin ya kawo fili a wajen ganuwa, kusa da tasha, shi ne Sabon Gari. Yarabawa da Ibo da mutanen Saliyo da Gana suka zauna nan, kamfanoni suka buɗe kantuna, har yau ana kiran wata unguwa PZ da sunan kamfanin Paterson Zochonis. A kantunan irin waɗannan kamfanoni garmaho ya fara bayyana: akwati mai hannu da ake wanawa, a ɗora faifai, a saukar da allura. Faifan na da nauyi, yana fashewa in ya faɗi, kowane gefe bai wuce waƙar minti uku ba, allurar kuma sai an riƙa sauya ta don kada ta cinye faifan. Duk da wannan wahala, saurayin da ya mallaki garmaho ɗakinsa ba ya rabuwa da baƙi.

Samaru kuwa ilimi ne ya raya ta. Tun shekarun 1920 akwai tashar binciken aikin gona a wurin, a shekarun 1950 aka kafa kwalejin fasaha da kimiyya ta Nijeriya, wadda ɗalibanta irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Ranar 4 ga Oktoban 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Nan da nan ƙauyen ya cika da matasa daga kowane lardi na Arewa da kuma Kudu, ga malamai daga Ingila da Amurka da Indiya, kowa da 'yan faya-fayansa a akwati. Idan aka haɗa da 'yan Kwalejin Barewa, wadda ta koma Zariya a 1949, da 'yan St. Paul's ta Wusasa, da sojojin Dafo, za a ga gari ne da ya tara samari masu ɗan kuɗin kashewa da kunnen son sabon abu.

A gidajen rawa na Sabon Gari, hailaif ne sarki. Kiɗa ne na bushe-bushe da jita da ganguna wanda E.T. Mensah na Gana ya yaɗa da zagayen da ya riƙa yi a Nijeriya cikin shekarun 1950, Bobby Benson da Victor Olaiya suka riƙe shi a Legas, Olaiya ma shi ya yi wasa a babbar liyafar samun 'yancin kai ta 1960. Sai Rex Lawson, wanda yawancin waƙoƙinsa da harshen Kalabari ne, amma Bahaushe da Bayarabe da Tibi suka haddace su ba tare da neman fassara ba. A 1965 Victor Uwaifo ya fitar da Joromi, faifan da ya yi kasuwar da ba a saba gani ba a ƙasar nan.

A ɗakunan kwanan ɗalibai kuwa wani iri ne ke tashe, na samarin Turai da Amurka waɗanda shekarunsu ba su fi na masu sauraronsu ba. Paul Anka bai kai 17 ba lokacin da waƙarsa Diana ta zagaye duniya a 1957. Cliff Richard, wanda aka haifa a Lakno ta Indiya a 1940, ya zama gwanin 'yan makaranta da finafinansa na 1961 da 1963. Ga Elvis Presley da tozon gashinsa, ga Chubby Checker da rawar tuwis da ta ɓarke a 1960, wadda iyaye da yawa suka ɗauka rashin kunya ce tsantsa. Millie Small, yarinya 'yar Jamaika, ta yi My Boy Lollipop a 1964, ta kuma zo Nijeriya a shekara mai bi, inda ƙungiyar Fela ta lokacin, Koola Lobitos, ta yi mata kiɗa. Ana yanko hotunan waɗannan mawaƙa daga mujallu irin su Drum a manna a bango, ana kwafe baitocinsu a bayan littafin lissafi, a tsakuro layi biyu a zuba a wasiƙar budurwa. Ƙananan faya-fayai masu juyi 45 a minti, waɗanda ba sa fashewa da sauƙi, su suka sa aron faifai ya zama al'ada, kuma faifan da aka ara ba kasafai yake komawa ga mai shi ba.

Jim Reeves ya fita daban. Shi ba yaro ba ne, ba ya ihu, ba ya tsalle. Muryarsa a kwance take, yana furta Turancinsa dalla-dalla yadda ɗan aji biyu na sakandare zai iya bi, ga shi kuma yana da waƙoƙin addini da gidajen Kirista a Sabon Gari da Wusasa ke sakawa da safiyar Lahadi kafin a tafi coci. Wannan ne ya sa ya daɗe a kunnen 'yan Nijeriya fiye da waɗanda suka fi shi tashe a ƙasarsu, shi ne kuma ya buɗe wa Don Williams ƙofa a shekarun 1970.

Sai dai a faɗi gaskiya, wannan duniya ba ta kowa ba ce. A cikin birnin Zazzau, zamanin Sarki Ja'afaru da magajinsa Sarki Muhammadu Aminu, garin malamai ne da zaurukan karatu, inda waƙar da ake girmamawa ita ce irin Imfiraji ta Aliyu Namangi. Gidan rawa da giya abin Sabon Gari ne, silima kuma wurin da ɗan mutunci ke shiga a ɓoye, 'yar mutunci kuwa ba ta ma zuwa. Saurayin birni ko na Tudun Wada da ya hau keke ya tafi kallo da dare ya san abin da ke jiransa idan labari ya riga shi isa gida.

Amma abin da ganuwa ta tare a ƙofa, rediyo ya shigar da shi ta sama. Tun kafin 1950 Zariya na cikin garuruwan da aka ja wa rediyon waya, akwatin da ake maƙalawa a bango, tasha ɗaya tak, a biya kuɗin wata. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, daidai lokacin da ƙaramar rediyo mai batir ta fara araha. Shirin Zaɓi Sonka ya koya wa Arewa wata sabuwar hanyar zumunci: ka aika kati, a karanta sunanka da unguwarka, a gaida wanda kake so a gaida, a saka waƙar da ka zaɓa. Matar da ke cikin kulle, wadda ba ta taɓa taka ƙofar silima ba, ta san muryar mawaƙiyar Indiya Lata Mangeshkar sarai.

A nan ne Indiya ta yi wa Turai fintinkau. 'Yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima sun fara shigo da finafinan Indiya a shekarun 1950, suka tarar Hausawa sun karɓe su hannu biyu. Mother India na 1957 ya shekara da shekaru ana maimaita shi, ba a gaji ba. Dalilin a fili yake. A fim ɗin Indiya akwai kunya, akwai biyayya ga iyaye, akwai auren dole da kukan masoya, akwai rawani da mayafi, abubuwan da ɗan Zazzau ya sani a gidansu. Cliff Richard na 'yan boko ne, amma Rafi da Lata da Kishore Kumar na kowa ne, har ɗan dako da mai shayi. Makaɗan Hausa irin su Abdu Yaron Goge sun ɗauki karin wasu waƙoƙin suka ɗora musu kalmomin Hausa, hanyar da masu bege da mandiri da kuma mawaƙan finafinan Kano suka faɗaɗa daga baya.

Kada kuma a ɗauka samarin lokacin ba su da nasu gwanaye na gida. Ɗan Maraya Jos, da 'yar kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, matashi ne lokacin da ya fara waƙar karen mota da talaka da zaman aure. Masu kukuma irin su Ibrahim Na Habu da Garba Sufa, daga baya kuma Hassan Wayam wanda ya zauna a Zariya, su ne ke tara samari da 'yan mata a dandali, kuma su ma manya sun yi musu kallon masu ɓata tarbiyya. Sama da kowa akwai Mamman Shata. Abin sha'awa ne cewa jami'ar Samaru, matattarar masu sauraron Elvis, ita ce ta ba Shata digirin girmamawa na dakta a 1988.

Zariya ba saurare kawai ta yi ba, ta fitar da nata. Bongos Ikwue, ɗan Otukpo da aka haifa a 1942, ya yi St. Paul's, makarantar da yau ake kira Kufena, ya kuma dawo jami'ar Samaru inda ya haɗa ƙungiyar kiɗa ta ɗalibai mai suna UniBello Brothers. Wanda ya saurari waƙoƙinsa na shekarun 1970 da ya yi wa kamfanin EMI, ko waƙar buɗe wasan talabijin na Cock Crow at Dawn, zai ji duk abin da ke yawo a ɗakunan ɗalibai na wancan zamani: jita mai sanyi irin ta karkarar Amurka, da karin Idoma, da Turanci mai sauƙi. Bala Miller kuwa, wanda ya rayu daga 1928 zuwa 2003, ɗan wani limamin coci ne daga Hausawa Kiristoci na Zariya. Shi ya nuna cewa ana iya hailaif da Hausa tsantsa, da cikakkiyar ƙungiyar bushe-bushe, kuma waƙarsa Ikon Allah ta shiga gidan Musulmi da na Kirista ba tare da ta nemi izini ba.

Shekarar 1966 ta raba wannan tarihi gida biyu. Bayan juyin mulkin Janairu da dokar haɗe ƙasa ta 24 ga Mayu, tarzoma ta tashi a garuruwan Arewa, Zariya na ciki, ta kuma sake tashi da muni a Satumba da Oktoba. An kashe mutane da yawa, akasarinsu Ibo, waɗanda suka tsira suka cika jiragen ƙasa zuwa Gabas, ta wannan tashar da ta kawo iyayensu. Cikinsu akwai masu otal, da masu sayar da faifai, da masu gyaran rediyo, da makaɗa. Yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Wasu sun dawo bayan yaƙi, Sabon Gari ta sake cika, amma kiɗan ya riga ya sauya. James Brown ya zo Nijeriya a Disambar 1970, samari suka koma wando mai faɗin ƙafa da tara suma, Rex Lawson ya mutu a haɗarin mota a Janairun 1971, kaset kuma ya zo ya tura garmaho ƙarƙashin gado.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma da wannan ake yawan yi wa dattawan nan fassara. Fassarar ta yi kaɗan. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya ji ya kuma gani tsakanin shekara 10 zuwa 30 shi ya fi zama a ƙwaƙwalwarsa, kiɗa kuwa ya fi komai riƙe wannan zamani. Ga mutumin Sabon Gari akwai ƙari a kan haka. Waƙar Rex Lawson tana dawo masa da maƙwabcin da suka yi aron faifai, wanda ya hau jirgi a 1966 ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Waƙar Rafi tana dawo masa da matar da ya aika wa gaisuwa a Zaɓi Sonka, wadda wataƙila ya riga ya raka ta makwancinta. Wannan kewa ta cancanci a girmama ta, domin shaida ce ta lokacin da kabilu da addinai suka zauna a layi ɗaya suna jin abu ɗaya.

Su kansu mawaƙan sun kusa ƙarewa. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, Millie Small a 2020, Uwaifo a 2021, Lata a 2022. Waƙoƙin Turai da na Indiya ba su da fargabar ɓacewa, suna nan a YouTube, kamfanoninsu na tsare da su. Abin da ke cikin haɗari shi ne namu: faya-fayan Hausa da na hailaif da aka buga kaɗan, da tsofaffin naɗe-naɗen gidajen rediyo, da sunayen ƙungiyoyin kiɗa da gidajen rawa na Sabon Gari waɗanda babu inda aka rubuta su sai a kan mutane.

Wanda yake da shekara 17 ranar da aka buɗe jami'ar Samaru yau ya kai 80. Jami'ar na da Laburaren Kashim Ibrahim, tana da sassan tarihi da Hausa da wasan kwaikwayo, tana da Gidan Arewa a Kaduna. Ɗalibai kaɗan da na'urar naɗar murya sun isa su zagaya Sabon Gari da Samaru da Wusasa da Tudun Wada su ɗauki bayanin waɗannan dattawa tun suna iya bayarwa. Mai karatu kuma da ke da tsohon akwatin faya-fayai a gidansu, kada ya bari a zubar ko a sayar wa 'yan gwangwan. Ya kai inda za a adana, kafin nan kuma ya zauna da mai akwatin ya tambaye shi labarin kowane faifai.